Ko Kun Sani? Tsiron da Furensa Ne Ajalinsa

Akwai tsiron da kan kwashe shekara 10 zuwa 30 bai yi fure ba, in kuwa ya yi, to kwanansa ya ƙare. Sunansa agabe, asalinsa ƙasar Meziko da busassun yankunan kudancin Amurka. Yakan tara sukari a gindinsa shekara da shekaru, sa'an nan ya tsirar da kara ɗaya daga tsakiya, wanda a wasu nau'o'in kan kai mita 6 ko fiye, da furanni masu ruwan ɗorawa a rassan sama. Wannan karan ke shanye ajiyar kaf, uwar ta bushe, 'ya'yan da suka tsiro a gefenta su gaje ta.

Mutumin Achika ko Wudil da ya gan shi a shinge zai iya rantsewa kabar giwa ce, don ganyayensu sun yi kama. To, a karya ganye a gani. Na kabar giwa da 'yan'uwanta taushi gare shi, cike da ruwa mai yauƙi, kuma sukan yi fure su ci gaba da rayuwa. Na agabe tauri, cikinsa zare ne, bakinsa da ƙaya mai tsini. A yi hattara, ruwansa na sa ƙaiƙayi, kada a shafa da sunan magani.

Zaren wani nau'insa, sisal, shi ake tuƙa igiya da shi. Bajamushe Richard Hindorf ne ya kai shi Tanzaniya ta yau a 1893.