Jan Ƙarfe, Dillalin Masu Haɗa Magunguna

Mun fi sanin jan ƙarfe a wayar lantarki, amma yana da wani aikin: da taimakonsa ake haɗa sinadaran magunguna da na rini.

Yawancin magunguna ƙwayoyin kabon ne da aka ƙulla da juna da wasu sinadarai. Sai dai guntaye biyu kan kwana a kwalba ɗaya ba su haɗu ba, kamar mai saye da mai sayarwa da ciniki ya ƙi faɗawa. Nan jan ƙarfe ke shigowa kamar dillali: ya riƙe wannan, ya jawo wancan, har su ƙullu. Yana iya haka ne saboda ba ya wahalar karɓar ilektaron ko bayar da shi. Mun ga wannan hali a gwajin Benedict, inda ruwan shuɗi ke komawa ja kamar bulo idan an ɗumama shi da gulukos.

A 1884 Traugott Sandmeyer na Suwizalan ya yi amfani da gishirin jan ƙarfe ya ɗora kulorin a kan zoben benzin. A 1901 Fritz Ullmann ya haɗa zobba biyu da garin jan ƙarfe, amma sai da zafi mai tsanani. A 2002 Morten Meldal a Denmak da Barry Sharpless a Amurka, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa jan ƙarfe ɗan kaɗan na ƙulla wasu guntaye biyu cikin sauƙi, har a cikin ruwa. Sun sami kyautar Nobel a 2022 tare da Carolyn Bertozzi, wadda ta samo hanyar yin ƙullin ba tare da shi ba, domin yana cutar da ƙwayoyin halitta masu rai.

Me ya shafe mu? Faladiyom, wanda shi ma ke irin wannan dillanci, ya fi jan ƙarfe tsada nesa ba kusa ba, ga shi kuma sinadaran magungunanmu galibi daga waje ake shigo da su. Ana koyar da kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar NARICT a Basawa. Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ba nisa, amma sai an ci kemistiri.

Gargaɗi: shuɗin gishirin jan ƙarfe guba ne, kada kowa ya ɗanɗana.