Bakin Dattijo da Gwajin Yawu: Wanne Ke Kai Mutum Gida?

A zangunan Kumasi da Accra akwai Hausawan da kakanninsu suka bi ayarin goro zuwa Gwanja, kasuwa ta yi albarka, suka yi aure suka zauna. A gaɓar Kogin Nilu a Sudan akwai waɗanda magabatansu suka kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara na gaba, har zama ya kama su. A Amurka da Barazil kuma akwai jikokin waɗanda aka fitar daga Afirka a ɗaure. Komai nisan zamani, a irin waɗannan gidaje sai an sami yaron da zai tashi wata rana ya ce: wai mu daga ina muke? Hanyoyi biyu ne a gabansa yau. Ko dai ya je ya durƙusa gaban dattijo ya saurara, ko kuwa ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa kamfanin gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya jira sakamako a wayarsa. Matasa da yawa sun fi sakin jiki da ta biyu, don a ganinsu na'ura ba ta da son kai. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba abin da kowace ke iya bayarwa da inda take gazawa.

Dattijo suna yake bayarwa, da gari, da dalili. Tambayi tsoho a garin Mai Wurno kusa da Sinnar, ba zai ce maka "daga yamma muke" ya ja bakinsa ya yi shiru ba. Zai kai ka Burmi, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Farko a watan Yulin 1903, ya faɗa maka yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas har suka sauka a bakin kogi, garin ya ɗauki sunansa. In ka yi haƙuri zai ƙara maka da wanda ya rasu a hanya, da wanda ya tsaya a Wadai, da wanda ya shiga aikin auduga bayan an buɗe gonakin Jazira a 1925. A Sabon Zango na Accra kuwa labarin zai fara daga Malam Bako, wanda ya kafa unguwar a farkon ƙarni na 20, da mahaifinsa da ya fito daga Katsina. Wanda aka ba irin wannan bayani yana da ƙofar da zai je ya yi sallama.

Kuma bakin dattijo ba shi kaɗai yake tsaye ba, al'ada ta kafa masa shaidu. Tsagar fuska tana nuna Bagobiri daga Babarbare tun kafin a gaisa. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, ko Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari, yana tafiya da mutum duk inda ya yi ƙaura. Sunayen unguwannin birnin Kano kansu rajistar baƙi ce: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna.

Sai dai ɗaukar labari daga bakin tsofaffi ba a yin sa da gaggawa. Zauna gaban kakarka bayan la'asar tana ɓara goro, ka ce: "Kaka, mene ne sunan mahaifin Malam?" Za ta ɗago ta dube ka ta ce: "Kai angona, yau kuma ni za ka sa in kama sunan surukina? Mai sunan ƙaninka ne. Je ka wurin gwaggonka." Alkunya ba za ta bar ta ta faɗi sunan miji, ko na suruki, ko na ɗan fari ba, dole ka zagaya. In ka sami sunan ma, wataƙila laƙabi ne, Dogo ko Mai Goro, sunan yanka yana bakin wani tsoho a wani gari. Shekara kuma ba da lamba za ta ba ka ba. Za ta ce an haifi mahaifinta bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kafin yunwar Kakalaba. Kai ne za ka koma ka gano cewa tsakanin 1911 da 1914 take nufi. Aiki ne mai cin lokaci, amma kowace amsa tana jawo wani ɗan'uwa da za ka je ka gaisar.

Raunin baki kuwa a fili yake. Dattijo yana son gidansa, don haka yana gyara. Kusan kowace al'umma a yankinmu tana jan asalinta zuwa gabas: Bayajida daga Bagadaza, sarakunan Barno daga Yaman, Fulani daga Uƙba ɗan Nafi'u, Gobirawa daga Misra. Waɗannan labarai suna nuna abin da mutane ke girmamawa, amma ba su isa hujja kan wanda ya haifi wane ba. Kakanni goma sukan dunƙule su koma huɗu, don an riƙe masu sarauta da malamai an saki talakawa. Mata sukan zube daga lissafi tun daga hawa na uku. Kakar da ta shigo gida a matsayin baiwa ko ƙwarƙwara sau da yawa ba a ambaton garinsu ko kaɗan. Sannan mai ba da labari yakan karanci fuskar baƙo ya ba shi abin da ya zo nema. Alex Haley, marubucin Amurka da ya wallafa littafin Roots a 1976, ya ce a ƙauyen Jufure na Gambiya ya ji labarin kakansa Kunta Kinte daga bakin wani dattijo. Littafin ya zaburar da miliyoyin mutane neman asalinsu, amma daga baya masu bincike suka nuna shakku mai ƙarfi, suna cewa dattijon ya riga ya san abin da baƙon ke nema kafin su zauna.

A nan ne gwajin yawu ya sami gurbi, kuma ga wasu mutane rahama ce. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka a zamanin cinikin bayi. An canja musu suna, an raba uwa da ɗa, an kashe harshe a bakin jikoki. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860, bayi ba su da suna a takarda, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangidansu. Sai a 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. A Bahiya ta Barazil bayi Hausawa sun ƙulla bore a 1807, kuma a boren Musulmi na 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa tare da wasu Hausawa, an sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama. Jikan irin waɗannan mutane ba shi da kakar da za ta ce masa "je ka wurin gwaggonka". Domin irinsa ne Rick Kittles da Gina Paige suka kafa kamfanin African Ancestry a 2003. Wanda bai taɓa jin sunan ko da ƙasa ɗaya a matsayin tasa ba, in aka ce masa jininsa ya yi kama da na mutanen arewacin Najeriya ko Kamaru, ba ƙaramin abu aka ba shi ba, kuma bai kamata mu da muke da dangi a kusa mu raina hawayensa ba.

Gwajin kuma ba ya jin kunyar kowa. Ba ya tsallake baiwa don ya ɗaga basarake, kuma yana iya haɗa 'yan'uwa biyu da ba su san juna ba idan dukansu sun ba da yawu ga kamfani ɗaya. Amma a fahimci yadda yake aiki. Kamfanin ba shi da jinin kakanka a ajiye. Yana kwatanta naka ne da na mutanen da ke raye yau waɗanda ya tattara a wasu wurare, ya ce ka fi kama da waɗannan. In samfurin da ya tara daga yankinku kaɗan ne, amsar za ta zo a dunƙule, kuma takan canja idan ya ƙaro samfuri. Mutum yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa, kusan kwata daga kowane kaka, abin yana ta raguwa har a kai kakan da bai bar maka komai da na'ura za ta gani ba. Akwai gwajin da ke bin layin maza zalla, daga uba zuwa ubansa, akwai mai bin layin mata zalla. In ka hau hawa goma, gurbin kakanninka 1,024 ne, waɗannan gwaje-gwaje biyu kuwa mutum biyu kawai suke nuna maka a cikinsu.

Babbar matsalar ga mai neman asalin Hausa ita ce Hausawa ba jini ɗaya ba ne. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, zuriyarsu kuma Kanawa ne tsantsa a yau. Agalawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga mutanen hamada, sun zama ginshiƙin fataucin goro, daga cikinsu aka sami Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Wa zai ce Hausancinsa da saura? Masana sun gano wani layin maza da suka laƙaba wa R-V88, wanda ya yawaita tsakanin masu magana da harsunan dangin Hausa a kewayen Tafkin Chadi, amma Hausawa da yawa ba su da shi, wasu da ba Hausawa ba kuma suna da shi. Harshe, da addini, da sana'a, da aure, da zaman tare ne suka yi Bahaushe, kuma babu ɗaya cikinsu da ke fita a yawu.

Ga kuma batun amana. Abin da kaka ta faɗa maka yana tsakaninku, abin da ka aika wa kamfani ya bar hannunka. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan kusan mutum miliyan 7 a kamfanin 23andMe, a 2025 kuma kamfanin ya shiga kotu kan karyewar jari, mutane suka shiga tambayar hannun wa bayanansu za su faɗa. Yawunka kuma ba naka ne kai kaɗai ba, yana ɗauke da sirrin iyayenka da 'yan'uwanka da ba ka nemi izininsu ba. A shari'ar Musulunci ta hanyar aure nasaba ke tabbata, kuma sakamakon da aka jefa a zauren WhatsApp na dangi ba tare da tunani ba yana iya rusa abin da aka shekara hamsin ana rufawa.

Inda na ga bambancin ya fi nauyi shi ne wurin jikokin baƙi. Su tambayarsu fuska biyu gare ta: daga ina muka zo, kuma tun yaushe muke nan? A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice daga Ghana, dubun-dubatar mutane suka kwashe kaya, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. A Yulin 2022 an zubar da jini a jihar Bulu Nayil ta Sudan kan ƙasa da sarauta, ana iƙirarin cewa Hausawa baƙi ne, alhali sun haura shekara ɗari a wurin. A irin wannan rana, takardar da ta ce jininka na Najeriya ne ba ta kare ka, tana ma iya zama makami a hannun mai son korarka. Dattijo ne zai nuna rijiyar da kakanka ya haƙa, da masallacin da ya yi limanci, da kushewarsa, da dangin matar da ya aura a cikin 'yan ƙasa. Gwaji rabin tambayar yake taɓawa, baki kuwa yana amsa duka biyun.

Saboda haka hukuncina ya danganta da wanda ke nema. Wanda bauta ta yanke masa igiya, ya yi gwajin, ya riƙe sakamakon a matsayin alƙibla, mu kuma in ya zo mu karɓe shi hannu bibbiyu. Wanda yake da tsofaffi a raye kuwa, ya fara da su, domin ƙwayoyin halittarsa ba za su canja ba ko bayan shekara talatin, amma kakarsa ba ta da wannan lokacin. Ya je da wayarsa ya naɗi muryarta da izininta. Ya tambayi mata kamar yadda yake tambayar maza. Ya ji daga gida biyu ko uku, ya gwada da abin da aka rubuta da ajami a bangon kundin gida, da tsofaffin wasiƙu da takardun gona, in hali ya yi ya leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa. Ya rubuta mai daɗi da mai ɗaci, har da kakar da aka daɗe ana tsallake sunanta, don ita ma ta haife mu, kuma gorin asali bai taɓa ƙara wa kowa daraja ba. In ya zo rabawa, ya fara da manyan gida kafin ya kai wa duniya. Sannan ya ɗauki sunan garin da aka ba shi, ya shiga mota ya je ya nemi mutanen, domin zumunta a ƙafa take.