Yadda Ake Gano Yoyon Ruwa A Tsohuwar Land Rover

Tun shekarar 1948 da aka fara ƙera Land Rover a Ingila, mutanen ƙasarmu suka san ta da shiga inda wata mota ba ta shiga, domin da ƙafa huɗu take ja. An daina ƙera tsohon samfurinta a 2016, saboda haka waɗanda suka rage a hannun mutane duk sun kwana biyu, tsufa kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Cikin cututtukan da ke kama su babu mai saurin kashe inji kamar yoyon ruwa. Da yawa daga cikinmu ƙauye za a tura mu koyarwa, inda bakanike ke da nisa, don haka ya kamata mu san wannan al'amari.

Da fari sai mu san aikin ruwan. Wutar da ke ci cikin inji zafinta ya isa ya lalata ƙarfe. Sai aka yi wa inji hanyoyi a ciki, famfo yana tura ruwa yana kwasar zafin, ya kai lagireto, iska ta fifita shi, sa'an nan ya komo. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a Kaduna, da yake muna bisa tudu wajen mita 600, a wajen 98 yake tafasa. Murfin lagireto yana da waya mai matse shi, ita ke tsare tururi, har ruwa ya wuce wannan zafi bai tafasa ba. Watau ruwan nan a kulle yake, in ya ragu akwai ƙofar da ya bi. Direban da ke ƙara galan kowace safiya ba magani yake yi ba, jinkirta ɓarna kawai yake yi.

Ga yadda za ka nemi ƙofar. Ka ajiye mota a busasshen wuri, ka shimfiɗa kwali ƙarƙashinta ta kwana. Da safe inda ka ga ɗigo, sai ka ɗaga kai ka bi sawunsa sama, gama ruwa yakan gangara nesa da inda ya fito. Ka fara da abu mai araha. Duba robar murfi ko ta tsage. Matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ya bushe ya tsattsage, ya gama aiki. Duba maɗaurin bakinsa, sau da yawa juyi biyu na sukuddireba ya isa. Farin gishiri ko tsatsa a jikin lagireto alama ce ta inda ruwa ke tsattsafowa yana bushewa. Famfo kuma yana da ɗan rami a ƙarƙashinsa. In yana ɗiga, ko kuwa ka girgiza fanka, inji a kashe, ka ji tana lilo, to, famfon ya mutu.

In duk ka duba ba ka ga kome ba, ruwa kuwa bai fasa raguwa ba, to, yoyon na ciki ne, shi ne kuwa mafi muni. Zaro sandar awon baƙin mai. In ka ga mai ya yi fari kamar an dama shi da nono, ko salansa na fid da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwan lagireto na ta kumfa, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kada ka ƙara ko mil ɗaya, a jawo ta wurin bakanike.

Game da gyara, tiyo da murfi da famfo sauya su ake yi. Tsohon lagireto na tagulla kuwa yana liƙuwa da dalma, masu wannan sana'a suna nan a Panteka. Sukan toshe bakunansa, su hura iska, su tsoma shi a ruwa, yadda mai faci ke yi wa tif, inda kumfa ta taso nan ne ramin. Amma fasa ƙwai ko zuba garin barkono ciki, dabarar daji ce. Takan toshe rami, ta kuma toshe hanyoyin ruwa. In larura ta sa ka yi ta a hanyar Birnin Gwari, da isarka gari ka sa a wanke. Har wa yau, ruwan rijiya zalla yana kawo tsatsa. A gauraya ruwa mai tsabta da maganin da ake sayarwa don haka. Maganin nan yana da zaƙi, amma guba ne, a kawad da shi daga yara da dabbobi.

Abu biyu kuma kada a manta. Kada ka buɗe murfi inji na da zafi, tururi zai sale maka fuska. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙafe, ƙarfe zai tsage. Ka haƙura ya huce, ko da za ka yi awa guda a gindin itace. Kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo, a wanke ƙurar hunturu daga lagireto, a duba tiyo da fambel. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.