Hawan Tudu da Keke: Amfaninsa ga Lafiya da Inda Haɗarinsa Yake

Akwai wani nau'in motsa jiki da ake yi da keke mai giya da tayoyi masu kauri, inda mutum zai bar kwalta ya bi 'yar siririyar hanya a gindin dutse, ya hau tudu sannan ya gangaro. Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda wasu matasa ke tsere da tsofaffin kekuna a dutsen Tamalpais. A shekarar 1996 aka shigar da shi gasar Olamfik a birnin Atlanta. Irin waɗannan kekuna suna nan a kasuwanninmu. To, ko don wasa kake hawa tudu, ko manomi ne kai da buhu a bayan keke, aiki ɗaya jikinka yake yi. Don haka ya kamata ka san iyakarka kafin tudu ya nuna maka ita.

Me ke faruwa a jiki lokacin hawa?

A shimfiɗaɗɗiyar hanya keke yana tafiya da ƙarfi kaɗan. A tudu kuwa, nauyinka da na keken da na kayan da ka ɗauko duk sai ƙafafunka sun ɗaga su sama. Naman cinya yana buƙatar ƙarin iskar oksijin, zuciya ce kuma ke kai masa ita ta cikin jini. Idan mutum yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini kamar lita 5. A hawa mai wuya jinin da take turawa yakan ninka sau huɗu, hawan jini ma yakan ƙaru na ɗan lokaci.

Ga mai lafiya wannan horo ne mai kyau. Yana ƙarfafa zuciya, yana rage ƙiba, yana taimakawa wajen daidaita sugan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150. Hawan tudu yana cikin mai tsanani.

Wani abin lura shi ne zafi. Mai hawa tudu a hankali yake tafiya, babu iskar da za ta busar masa da gumi, alhali a lokacin ne jikinsa ya fi ɗaukar zafi. Mutum yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya.

Yaya za ka san iyakarka?

Hanya mafi sauƙi ita ce magana. Idan kana hawa kana iya faɗin gajeriyar jimla, kana cikin iyaka. Idan haki ya hana ka furta kalma biyu a jere, sassauta ko ka sauka ka tura keken. Tura keke ba abin kunya ba ne.

Masu ƙirga bugun zuciya sukan cire shekarun mutum daga 220. Mai shekara 40 ke nan iyakarsa kamar 180 a minti. Wannan kintace ne kawai, kuma ba ya aiki ga masu shan maganin da ke rage bugun zuciya, irin su atenolol.

Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya yi tsanani, ka zauna a sirdi kana juya feda a hankali ba tare da yankewa ba. Ka fita da sassafe ko da yamma, ka riƙa kurɓar ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Mai azumi ya bar hawa mai wuya sai ya sha ruwa.

Ka tsaya nan take idan ka ji:

1. Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman idan ya bi hannu, wuya ko muƙamuƙi.
2. Jiri, ganin duhu ko alamar suma.
3. Bugun zuciya barkatai.
4. Hakin da bai lafa ba bayan hutun 'yan mintoci.

Mai ciwon ƙirji kada ya koma gida a kan keken, a kawo shi asibiti. Wanda jikinsa ya yi zafi sosai ya fara ruɗewa ko sambatu, a kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a kwarara masa ruwan sanyi, a garzayo da shi.

Su wa za su fara ganin likita?

Masu hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko asma, da duk wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe ba ya motsa jiki. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin ya tafi da dabino ko alewa, don suga yana iya faɗuwa a hanya. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, musamman lokacin ƙurar hunturu. Masu sikila su yi hattara ƙwarai, domin wahala, ƙishirwa da sanyi duk suna tayar da ciwon.

Mata masu juna biyu

Motsa jiki yana da amfani ga mai ciki, amma hawan keke a dutse ba nata ba ne. Yayin da ciki ke girma, nauyinta yana rinjaya gaba, gaɓoɓinta kuma suna saki, faɗuwa ba ta wuya. Buguwa a ciki tana iya sa mabiyiya ta rabu da mahaifa, a samu zubar jini mai haɗari ga uwa da ɗa. Tattaki ko keken motsa jiki da ke tsaye a ɗaki sun fi mata. Bayan haihuwa, ki bari sai an duba ki a awon mako shida, musamman idan tiyata aka yi miki.

Gangarowa

Yawancin munanan raunuka a gangare ake samunsu, lokacin da mutum ya riga ya gaji. Idan ka kai saman tudu, huta numfashinka ya dawo. Ka duba birki tun daga gida. Wajen gangarowa ka ja jikinka baya, ka kama birki biyun a hankali. Damƙe birkin gaba shi kaɗai yakan jefa mutum ta saman keke, ya faɗi da ka ko da kafaɗa. Ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta, wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi kuma a sauya ta. Kada ka shiga daji kai kaɗai ba tare da wani ya san inda ka nufa ba.

Idan an faɗi

A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a zo a duba ko ana buƙatar allurar tetanus. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi barkatai. Karaya a yi mata hoto kafin komai. Wanda kansa ya bugu a sa masa ido, don amai, barci mai nauyi, mantuwa ko jini daga kunne suna iya bayyana bayan awoyi. Haka wanda hannun keke ya daka a ciki: saifa ko hanta na iya zubar da jini ta ciki ba a gani ba. Duk waɗannan a kawo su sashen gaggawa ko da dare ne.

Ka fara da ƙaramin tudu, ka ƙara kaɗan-kaɗan duk mako. Allah Ya ƙara mana lafiya.