Wasa Nawa Ne Ya Isa A Yanke Wa Sabon Ɗan Ƙwallo Hukunci?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallon ƙwallo a ’Yankuzo, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko cikin garin Gusau, ya san cewa busar ƙarshe ta alƙalin wasa ba ta tashin mutane. Ana kashe janareto sai musu ya koma teburin mai shayi, washegari kuma ya biyo mu har cikin aji. A cikin musun da muke yi, babu wanda ya fi ɗaukar zafi kamar na sabon yaron da ƙungiya ta sayo, ya buga wasa uku ko huɗu bai ci ƙwallo ba.

Nan take jama’a kan rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya ce an yi asarar kuɗi, a mayar da shi inda aka ɗauko shi, ai Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɗaya ɓangaren ya ce a yi masa haƙuri, da rarrafe yaro kan tashi. Kowa da karin maganarsa, kuma babu mai sauraren wani. A wannan makon mun ga ya dace mu ajiye hayaniya, mu duba tarihin wasu ’yan wasa da muka sani, ko za mu gane abin da ya kamata mai kallo ya lura da shi kafin ya yanke hukunci.

Ɗan Kaduna da ya sha yawon aro

Bari mu fara da na gida. An haifi Umar Sadiq a Kaduna a shekarar 1997. Yana matashi ya tafi Italiya, inda ƙungiyar Spezia ta ɗauke shi, daga nan Roma ta karɓe shi aro a 2015. Farkon zuwansa ya yi kyau. Ya ci Genoa a watan Disamba na 2015, ya kuma ci Chievo a watan Janairu na 2016, lokacin bai cika shekara 19 ba. A wannan shekarar ce kuma ya je gasar Olamfik ta birnin Rio a Birazil tare da tawagar Najeriya, ya ci ƙwallo biyu a wasan da muka doke Honduras da ci 3-2 muka samu lambar tagulla.

Da a ce a ranar aka tambayi ’yan gidan kallo, da sun rantse cewa an samu sabon gwarzo. Sai al’amura suka juya. Roma ta ba da shi aro ga Bologna, bai ci ƙwallo ba. Aka tura shi Torino, nan ma shiru. Ya ɗan farfaɗo a NAC Breda ta ƙasar Holan, sannan a 2018 aka kai shi Rangers ta Sikotland, ƙarƙashin koci Steven Gerrard. A can ne ya fi shan suka. A watan Oktoba na shekarar, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Lig da Aberdeen, an fara da shi domin manyan ’yan gaban ƙungiyar biyu ba su da damar bugawa. Rangers ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi, shi kuma alƙali ya ba shi katin gargaɗi bisa zargin faɗuwar ganganci a gaban raga. Kafin shekarar ta ƙare an soke aron, ya bar ƙungiyar bai ci ko ɗaya ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce labari ya ƙare. Amma ku duba lissafin da kyau: wasa huɗu kacal ya buga wa Rangers. A 2019 ya koma Partizan ta birnin Belgrade a Sabiya, inda aka riƙa fara wasa da shi mako bayan mako, sai ƙwallaye suka soma shiga. A 2020 Almeria ta Sifaniya ta saye shi. Ya ci ƙwallo 20 a gasar rukuni na biyu a kakarsa ta farko, ya ci 18 a ta biyu, ƙungiyar ta lashe gasar ta hau La Liga. A watan Satumba na 2022 Real Sociedad ta saye shi a kan kusan Yuro miliyan 20, ya kuma ci Atletico Madrid a wasansa na farko. Bayan ’yan kwanaki ya ji mummunan rauni a gwiwa, wanda ya zaunar da shi har ƙarshen kakar.

Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya, tsawo ɗaya. Abin da ya bambanta Rangers da Almeria shi ne yawan mintunan da aka ba shi a fili, da irin amanar da koci ya ɗora masa.

Wasa 16 babu ƙwallo

Labarin Victor Osimhen ya fi wannan ban mamaki. A gasar cin Kofin Duniya ta ’yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar Chile a 2015, ya ci ƙwallo 10, abin da babu wanda ya taɓa yi a gasar kafin shi, kuma Najeriya ta ɗauko kofin. A watan Janairu na 2017 ya koma Wolfsburg ta Jamus. Ya buga mata wasa 16, bai zura ƙwallo ko ɗaya a raga ba.

Idan ka faɗi wannan adadi a teburin mai shayi ba tare da ka ambaci suna ba, kowa zai ce wannan ba ɗan gaba ba ne. To amma me ke bayan adadin? Mafi yawan wasannin daga benci ya shigo, wani lokaci saura ’yan mintuna a tashi. Ya yi fama da rauni a gwiwa da kafaɗa, har aka yi masa tiyata. Ita kanta Wolfsburg a lokacin fafutukar kauce wa faɗawa rukuni na biyu take yi, kuma kocin da ke tsoron rasa aikinsa ba ya da sararin koya wa yaro wasa. A 2018 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ya je gwaji a wasu ƙungiyoyin Beljiyam jikinsa babu ƙarfi, suka ƙi ɗaukarsa.

Charleroi ce ta karɓe shi aro a watan Agusta na 2018. A kaka ɗaya ya ci mata ƙwallo 20. Daga nan sai Lille ta Faransa a 2019, sai Napoli a 2020. A kakar 2022/2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya fi kowa, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. A watan Disamba na 2023 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko a ɓangaren maza tun bayan Nwankwo Kanu a 1999.

Masu cewa a sallame shi ma suna da hujja

Kada mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci. Ba duk yaron da aka yi wa haƙuri ba ne ke zama Osimhen. A 2007, a Koriya ta Kudu, Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo 7 a irin wannan gasa ta ’yan ƙasa da shekara 17, ya fi kowa, Najeriya kuma ta lashe kofin. Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai samu gurbi a babbar tawagarta ba. Ya ci gaba da sana’arsa a ƙungiyoyi daban-daban, ya ci abincinsa da ƙwallo, sai dai bai kai matsayin da aka yi hasashe ba. Ita ma ƙungiya tana da nata uzurin: albashi take biya, maki take nema, magoya baya kuma ba sa jira.

Abin da tarihin nan uku ke nuna mana shi ne, wasannin farko ba su cika faɗin gaskiya ba, ko sun yi kyau ko sun yi muni. Sadiq ya fara da ci biyu sannan ya shiga shekarun wahala. Osimhen ya fara da babu sannan ya zama gwarzo. Wanda ya yi saurin yabo da wanda ya yi saurin zagi, duk kuskure ɗaya suka yi.

Ba a ƙwallon ƙafa kaɗai ake wannan musu ba. A Amurka suna da tasu ƙwallon mai siffar ƙwai da ake jifa da hannu, kuma ɗan wasan da ke jefa wa ’yan uwansa ƙwallo shi ne jagoran ƙungiya a fili. A 1998 ƙungiyar Indianapolis Colts ta ɗauki wani matashi, Peyton Manning, a wannan matsayi. A kakarsa ta farko sau 28 abokan hamayya suna cafke jifarsa, ƙungiyar ta ci wasa 3 ta faɗi 13. Ba su sallame shi ba. A shekara ta gaba sai lissafin ya juye, suka ci 13 suka faɗi 3. Kafin ya yi ritaya ya lashe babban kofin ƙasar sau biyu, an kuma zaɓe shi gwarzon gasar sau biyar.

Tambayoyin da mai kallo zai yi

Yawancinmu ’ya’yan manoma ne, don haka mun san wannan darasi tun daga gona. Idan manomi ya ga yabanyar gero ta yi ja bayan noman farko, ba ya ɗauko fartanya ya tumɓuke ta. Sai ya tambayi kansa: ruwa ne ya ɗauke, ko taki ne bai isa ba, ko ciyawa ce ta danne ta? Bayan maimai sai ya sake dubawa. Haka ya kamata mu yi wa sabon ɗan wasa.

Tambaya ta farko, minti nawa ya buga? Wanda aka sako sau tara, kowane lokaci saura minti goma a tashi, a takarda ya buga wasa tara, amma a gaskiya wasa ɗaya ya yi. Idan wani ya kawo muku yawan wasanni a musu, ku nemi ya kawo yawan mintuna.

Ta biyu, yana da lafiya? Wanda ya tashi daga jinya yana buƙatar makonni kafin gudunsa da numfashinsa su dawo. Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa da damina ya san yadda ƙafa ke rawa bayansa.

Ta uku, a ina aka ajiye shi, kuma su wa ke kewaye da shi? Ɗan gaban da ya saba tsayawa a tsakiya, idan aka jefa shi gefe, sai ya koma kamar baƙo. Kuma komai gwanintar ɗan gaba, idan ’yan tsakiya ba sa miƙo masa ƙwallo, sai dai ya yi ta gudu a banza.

Ta huɗu, yana isa wurin da ake cin ƙwallo? Wannan ce tambayar da masu horarwa suka fi kula da ita. Yaron da ke samun dama yana ɓarar da ita ya fi wanda ba a ganinsa kwata-kwata, domin na farko ya san inda zai tsaya, saura natsuwa, ita kuwa natsuwa tana zuwa da yawan bugawa.

Ta biyar, kuskuren da ya yi a watan jiya shi yake maimaitawa, ko ya gyara? A nan ne haƙuri ke da iyaka. Idan an ba yaro cikakkiyar kaka, yana da lafiya, yana buga wurinsa, amma babu abin da ya canza, to masu cewa a nemi wani sun yi gaskiya.

Yaron da ke filin makarantarmu

Su Osimhen ba sa jin abin da muke faɗa a ’Yankuzo. Wanda ke ji shi ne yaron ɗan aji ɗaya da malamin wasanni ya saka a raga ranar gasar gidaje, aka ci shi biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Shi ne muke yi wa ihu, mu laƙaba masa suna, sunan ya bi shi har gida. Da yawa daga irin waɗannan yara ba sa sake cewa a saka su. Ba su da wata Charleroi da za ta karɓe su aro. Filin nan ɗaya suke da shi, kuma mu ne ’yan kallonsa.

Haka abin yake a cikin aji. Ɗalibin da ya shigo SS1 daga wata makaranta, ko wanda iyayensa suka yi ƙaura ya rasa zango guda, yana iya faɗuwa gwajin lissafi na farko. Wannan sakamako ɗaya bai isa a kira shi daƙiƙi ba, kuma shi ma bai kamata ya kira kansa haka ba. Ya tambayi kansa irin tambayoyin da muka jero: darasi nawa na halarta, ina da littafin, wa zai yi mini bayani, kuma na gyara kuskuren da na yi a baya?

Saboda haka ranar Asabar mai zuwa, idan sabon yaro ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, benci ya kaure da ihun a cire shi, ku bari hayaniya ta lafa, sannan ku tambayi na kusa da ku minti nawa yaron ya buga tun da aka sayo shi. Idan kuma a makarantarku akwai wanda aka taɓa yi wa dariya a wasansa na farko daga baya ya zama kyaftin, ku rubuto mana labarinsa, za mu buga shi a wannan shafi in Allah Ya yarda.