Takardar Awon Jini Mai Ba da Haske

1.0 Gabatarwa

A Zangon Lome, unguwar Hausawa da gwamnatin Togo ta mayar arewacin birnin a shekarar 1977, idan yaro ya kwana da zazzaɓi akan kai shi asibiti a tsaga masa yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke. Layi biyu na nufin akwai zazzaɓin cizon sauro, layi ɗaya kuwa babu. Abin da tsinken ke nema shi ne wani furotin mai suna HRP2, wanda ƙwayar cutar ke zubarwa cikin jini. Sai dai amsarsa ba ta wuce "akwai" ko "babu". Mai son sanin yawan furotin sai ya nufi babban ɗakin awo mai injuna da lantarki.

2.0 Hasken Halitta

Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, yana samar da haske ne ta hanyar wani sinadari da ake kira lusifares. Akwai irinsa a jikin wani jatan lande na ƙarƙashin teku, kuma daga nan ne kamfanin Promega na Amurka ya ƙera NanoLuc a shekarar 2012.

3.0 Yadda Takardar Ke Aiki

A shekarar 2018, Maarten Merkx na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a Holan da Daniel Citterio na Jami'ar Keio a Japan, tare da abokan aikinsu, suka sanya wannan sinadari cikin takarda. Suna auna furotin ɗin garkuwar jiki, wato wanda jini ke yi domin yaƙar cuta. Idan babu shi, takardar za ta ba da haske kore. Idan ya kama sinadarin, sai hasken ya koma shuɗi, kuma gwargwadon yawansa, gwargwadon shuɗin. Ɗigon jini da minti 20 sun isa, sannan kyamarar wayar hannu ta karanta launin. Sun gwada ta a ɗakin bincike kan ƙanjamau da mura da zazzaɓin denge.

4.0 Kammalawa

Tsinken da aka saba da shi yana amsa tambayar "akwai?", ita kuwa takarda mai haske tana amsa "nawa?". Da wannan adadi ne likita zai iya gane ko garkuwar majinyaci tana ƙaruwa ko raguwa, ba tare da an aika jini nesa an zauna jira ba.