Ko ka sani? Fiyanon da madannansa ba su da sauti

Duk Lahadi a majami'un Kafanchan, daga ECWA har Katolika, da wuya a rasa saurayi a bayan fiyano, galibi ƙirar Yamaha, yana latsa madanni ɗaya ganguna su tashi, ya latsa wani sarewa ta shigo. Wannan fiyanon ƙaramar kwamfuta ce, an adana sautukan a cikinta tun daga masana'anta. Kakarsa, wato sintisaiza ta analog, ba ta ajiye sauti ko ɗaya. Nan take take ƙera shi da wutar lantarki.

A 1964 ne Robert Moog, wani injiniya a jihar New York ta Amurka, ya haɗa irinta tare da makaɗi Herbert Deutsch. Akwatuna ne daban-daban da ake jonawa da wayoyi: osilata tana haifar da sauti, wani akwatin yana tace shi, wani kuma yana buɗe shi ya rufe. Abin da ke kai umarni tsakaninsu shi ne ƙarfin lantarki.

Ƙa'idar Moog ba ta da wuya ga duk ɗan kwaya da ya san do-re-mi. Idan aka ƙara volt 1, sauti zai tashi daga do zuwa do na sama. Madannai 12 ne a tsakani, farare da baƙaƙe, don haka kowanne yana ƙara kashi 1 cikin 12, kimanin volt 0.083. A ƙarƙashin madannan akwai resistoci jere kamar sarƙa. Wanda aka latsa sai ya taɓa sarƙar a gurbinsa, ya ɗebo ƙarfin da ke wurin ya miƙa wa osilata. Mai gyaran rediyo da ya ɗora mitarsa a kan wayar zai iya faɗin madannin da aka latsa ba tare da ya ji komai ba. Akwai waya ta biyu da aikinta kawai ta ce an danna ko an saki. Tunda waya ɗaya ƙarfi ɗaya take ɗauka a lokaci guda, Minimoog, ƙaramar sintisaizar Moog da ta fito a 1970, ba ta iya amsa madannai uku da aka latsa tare. Da makaɗin kwaya na yau zai zauna a gabanta, da sai ya rantse ta lalace.

Shi ƙarfin lantarki ba shi da matakala. Kamar kalangu ne a hammata: gwargwadon matsawar makaɗi, gwargwadon tashin muryar, ba tsalle. Madannai ne suka yanka shi gida 12 don ya dace da kiɗan Turawa. Shi ya sa Don Buchla, wanda ya ƙera tasa a Kalifoniya a shekarun 1960, ya ƙi sa mata madannan fiyano, ya sa faranta da ake taɓawa da yatsa. Kasuwa ta bi Moog, musamman bayan faifan Switched-On Bach na Wendy Carlos a 1968. Amma ga mai son bin muryar goge, ko ƙahonin da ake busawa a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, dabarar Buchla ta fi kusa, domin waɗannan ba su san da gida 12 ba.

Matsalar sintisaiza ta analog zafi ne. Tiransista tana sauya hali idan ta ɗumama, saboda haka sai an kunna na'urar an jira, sannan a saita. Saitin da aka yi da sanyin safiyar hunturu ba zai kai azahar ba. Kamfanoni ma ba su yi magana da baki ɗaya ba: a Korg MS-20 ta 1978, ninka ƙarfin ake yi kafin a kai do na sama, don haka idan aka jona ta da madannan Moog kiɗan karkacewa yake yi. MIDI ce ta raba gardama a 1983, inda madanni ke aika lamba maimakon ƙarfi. Do na tsakiya shi ne 60. Jikokin wannan tsarin ne ke majami'un Zonkwa da Kwoi, su ne kuma suka raya waƙoƙin finafinan Kano.

Afirka ta Yamma ba ta tsaya kallo ba. A Inugu, William Onyeabor ya yi faya-fayansa tsakanin 1977 da 1985, da Moog cikin kayan aikinsa. A Yamai kuwa, Mamman Sani ya ɗauki kaset a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Orla ta Italiya, 'yar uwar sintisaiza, kuma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A 2013 wasu kamfanoni biyu na Amurka suka sake fitar da ayyukansu, Luaka Bop na Onyeabor, Sahel Sounds na Mamman Sani, daidai lokacin da matasan Turai da Amurka ke komawa sayen akwatunan da ake jonawa da waya.